Inuwar Giginya: Sharhi a Kan Tarihi da Gyaran Babban Otal ɗin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa, inuwar giginya na nesa ka sha. Wannan karin magana ba ta daina yi mini yawo a zuciya ba tun ranar da na jagoranci 'yan aji shida na wata makarantar firamare ta ƙasar Tambuwal zuwa yawon buɗe ido a birnin Sakkwato. Mun ziyarci Hubbaren Shehu, mun tsaya a ƙofar fadar Sarkin Musulmi, da la'asar sakaliya kuma direbanmu ya biyo da mu ta gaban Otal ɗin Giginya. Yaran da tun safe surutunsu ya hana ni sakat, sai suka yi tsit suna leƙe ta taga. Can wata yarinya ta ce, "Malam, wannan gidan wane sarki ne?" Na ce mata ba na sarki ba ne, nasu ne, domin da dukiyar jama'a aka gina shi. Duk motar ta fashe da dariya, sun ɗauka ba'a nake yi. Da dariya ta lafa, wani yaro ɗan Kebbe da ke zaune wurin kawunsa a garinmu ya ce, "To Malam, don me ake ce masa Giginya?"

Waɗannan tambayoyi guda biyu su ne ginshiƙin wannan sharhi. Manufata ita ce in dubi tarihin wannan otal da na takwarorinsa na Arewa, da irin gyaran da akan yi musu, sa'an nan in auna su da ma'aunin al'adarmu ta gini da ta saukar baƙi. Matsayina tun farko shi ne, mun iya kwaskwarima amma mun manta da yaɓe, kuma duk gyaran da bai kula da sunan gida da masu gida ba, ragagge ne komai yawan kuɗin da ya ci.

2.0 Masauki Kafin Zuwan Otal

Kada mai karatu ya ɗauka Turawa ne suka koya mana saukar baƙi. Tambuwal, wadda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya zauna a cikinta ta zama ribaɗi, gari ne na kan hanya. Wanda ya fito Sakkwato zai nufi Jega da Yawuri, nan yake ratsawa. A ƙarni na 19 kasuwar Jega na daga cikin manyan kasuwannin wannan yanki, ayarin fatake kuwa ba ya tafiya sai da zango. A kowane babban gari akwai fatoma, wato mai masaukin fatake, wanda zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan rigima ta taso, shi kuma ya sami la'adarsa. Baƙon da ba fatauci ya kawo shi ba, kamar malami ko matafiyi da dare ya yi wa, zauren mai gari ko na liman ne masaukinsa, tuwonsa kuma daga cikin gida zai fito.

Abin lura a nan shi ne, masaukin fatoma sana'a ce mai ciyar da kanta. Idan ɗakinsa ya yi yoyo, baɗi madugu zai sauke ayarinsa a gidan wani. Saboda haka ba ya jiran kowa ya zo ya gyara masa.

Da Turawa suka zo, sai suka shigo da bariki, wato gidan da Di'o ko wani jami'i ke sauka idan ya fito rangadi. Dattawanmu sun sha ba mu labarin yadda akan tara talakawa su yi wa bariki yaɓe da baibaya, alhali ba mai ikon kwana a ciki daga cikinsu. Daga nan ne, a ganina, aka fara raba masauki da jama'ar da ke ɗauke da nauyinsa. Gidajen saukar baƙi na gwamnati da suka biyo baya a hedikwatocin larduna sun gaji wannan ɗabi'a, manyan otal-otal kuma suka gaje ta daga gare su.

3.0 Zamanin Manyan Otal-otal

A farkon shekarun 1960, zamanin Firimiya Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, Kaduna ta sami Otal ɗin Hamdala. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967, musamman da kuɗin man fetur ya bunƙasa a shekarun 1970, kowace jiha ta so a ce tana da nata. A Kano, zamanin Gwamna Audu Bako, aka yi Daula a cikin gari da kuma otal na bakin tafkin Bagauda. A Kaduna aka gina Durbar domin baƙin gagarumin hawan daba na bikin FESTAC na 1977. Giginya ɗan wannan zuri'a ne. Gwamnatin Jihar Sakkwato ce ta gina shi, a lokacin da jihar, wadda aka ƙirƙiro a 1976, ta haɗa da Kabi da Zamfara na yau, kafin a cire Kabi a 1991 da Zamfara a 1996. Aka riƙa yi masa kirari da otal mai tauraro biyar.

Adalci ya wajabta in faɗi cewa waɗanda suka gina shi suna da hujja. Sakkwato cibiyar Daula ce, ba ta rabuwa da manyan baƙi. Ga jami'ar da aka kafa a 1975, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da tarukanta na masana. Wanda ya ga cikar da birnin ya yi a bikin cika shekara 200 da kafa Daular Usmaniyya a 2004, ya san cewa zaurukan unguwanni ba za su iya ɗaukar irin waɗannan baƙi ba. A wancan zamani kuma 'yan kasuwa masu ƙarfin gina irin wannan wuri ba su da yawa. Don haka ban ga laifin ginawa ba. Tambayata ita ce, me aka tanada domin ginin ya rayu bayan an yanke ƙyallen buɗewa?

Mu dubi makomar 'yan'uwansa. Otal ɗin Bagauda ya daina karɓar baƙi, aka mayar da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wannan ma ya yi sa'a tunda ginin na da amfani. Durbar ya koma hannun 'yan kasuwa a farkon shekarun 1990, ya faɗa cikin doguwar shari'a a kan mallaka, ya zauna kango shekara da shekaru, har gwamnatin Jihar Kaduna ta rushe shi a Janairun 2020, shekara 43 kacal bayan bikin da aka gina shi dominsa. Daula kuwa an ba da filinsa aka soma wasu gine-gine na kasuwanci, sai kuma a Yunin 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe su. A nan Sakkwato, Giginya ya tsira daga irin wannan ƙarshe. An yi masa gyara, kuma shi da ɗan'uwansa Shukura aka liƙa wa sunayensu kalmar Coral. Wannan tsira abin godiya ce, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

4.0 Nauyin da Sunan Ke Ɗauke da Shi

Yanzu sai in koma ga tambayar ɗan Kebbe. A Sakkwato, Giginya ba sunan itace kaɗai ba ne. Bayan Turawa sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairu 1903, rundunarsu ƙarƙashin Kanar Morland ta doso Sakkwato. A ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fito da jama'arsa bayan ganuwar birni, a filin da ake kira Giginya, masu takobi da mashi da kibiya suka fuskanci bindiga mai ruwa. Yaƙin bai daɗe ba, amma an ga mazajen da suka tsaya a gindin tuta har suka faɗi. Sarkin Musulmi ya yi hijira ya nufi gabas, jama'a na bin sa, har ya yi shahada a Burmi a ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. Saboda tunawa da wannan rana ne sunan Giginya ya bazu a birnin: ga filin wasa, ga kwaleji, ga barikin soja, ga kuma otal.

Ke nan duk wanda ya sa wa gida wannan suna ya ɗauki bashi. Baƙon da ya kwana a ciki, ko daga Legas ya zo ko daga Landan, ya kamata ya fita ya san abin da ya faru a 1903. A nan ne nake da ja a kan kalmar da aka ƙara. Ma'anar Coral ita ce murjani, abin da ake cirowa daga teku. Murjani ado ne mai kyau a wuyan amarya, amma ba shi da gami da Rima balle da filin da aka zubar da jini. Na san a duniyar kasuwanci ana haɗa suna da suna domin talla. To amma akwai sunayen da ba su buƙatar ɗan rakiya. Wanda ya ga Giginya bai isa ya jawo baƙo ba sai an jingina masa kalmar Turanci, bai san abin da ke hannunsa ba.

Akwai kuma darasi na biyu a cikin sunan, wanda kowane magini ya sani. Daga kututturen giginya ake tsaga azara, itacen da ake rufin soro da shi, saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Da azara da ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, aikin da masana gine-gine na duniya ke zuwa kallo. Wato giginya alamar ƙarko ce. Abin kunya ne a ce gidan da ke amsa wannan suna ya shiga sahun waɗanda ba su kai shekara hamsin a tsaye.

5.0 Yaɓe da Kwaskwarima

A ƙauyukanmu na Tambuwal da Kebbe, har gobe mai gidan ƙasa ya san lokacin yaɓe. Kafin damina ta faɗi zai hau soro ya duba tsaga, ya share indararo, ya kwaɓa ƙasa ya toshe. Masu hali su bi da makuba. Ba a yin buki domin an yi yaɓe, ba a gayyatar maroƙa. Aiki ne ƙanƙane da ake maimaitawa kowace shekara, shi ya sa za ka ga zauren da kakan kaka ya gina jikoki na karatun dare a ciki. Wanda ya tsallake shekara uku kuwa, ba yaɓe zai yi ba, sabon gini zai tayar.

Kwaskwarima dabam take. Ita ce a bar gida ya lalace shekara goma sha, sa'an nan a ba da babbar kwangila, a shafa fenti, a shimfiɗa tayil, a rataya fitilu masu ƙyalli, a kira taro a sake buɗewa. Na taɓa kwana uku a wani babban otal na gwamnati a wata jiha ta Arewa, ba tamu ba, lokacin wani taron ƙara wa juna sani na malamai, ba a fi shekara biyu da gama yi masa irin wannan gyara ba. Zauren karɓar baƙi sai ka ce fadar sarki. Amma na'urar hawa bene ta tsaya, famfon ɗakina ba ya kawo ruwa, kowace safiya wani dattijon ma'aikaci ke hawo mini da bokiti har hawa na uku. Da na yi masa sannu, sai ya ce, "Malam, sun canja riga ne, ba su yi wa mai rigar magani ba." Ban taɓa jin sharhin da ya fi wannan ba.

Dalilan wannan ciwo sanannu ne. Na farko, otal na gwamnati babban mai cinikinsa gwamnati ce, gwamnati kuwa takan ci bashi a gidanta ta yi jinkirin biya, manaja kuma ba shi da bakin da zai tare baƙon mai gida a ƙofa. Na biyu, a ƙa'idar wannan sana'a a duniya, akan ware kimanin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na cinikin shekara a ajiye domin sauya katifu da labule da kujeru da na'urori idan sun tsufa. Inda ba a yin wannan ajiya, duk abin da ya mutu sai ya jira kasafin kuɗi. Na uku, an gina waɗannan wurare da na'urorin ƙasashen waje a lokacin da naira ke da ƙarfi. Da aka karya darajarta daga 1986 a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, kayan gyara suka yi tsadar da ba a zata ba. Na huɗu, fasalin ginin kansa bai yi shawara da yanayinmu ba. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ɗakin siminti da gilashi da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki ya zama bawan janareto da man dizal. Soron ƙasa mai kaurin bango kuwa da kansa yake riƙe sanyi. Na biyar, wanda ya fi sauran muni, yaɓe ba shi da ƙyallen yankawa. Mai mulki ya fi samun yabo a kan gyaran biliyoyi da ake nunawa a talabijin bisa ga albashin mai gyaran famfo da ba wanda zai gani.

6.0 Abin Koyi Daga Maroko

Domin kada a ce haka abin yake ko'ina, bari in kawo misali daga ƙasar da muka daɗe muna hulɗa da ita ta hamada. A birnin Marrakesh akwai otal mai suna La Mamounia, wanda ya yi bikin cika shekara ɗari a 2023. Sunansa ya samo asali daga lambun da wani sarkin Maroko na ƙarni na 18 ya ba ɗansa Mamun, kuma har yau lambun shi ne abin alfaharin wurin. An rufe shi a 2006 aka yi shekara uku ana gyara, aka buɗe a 2009. Abin da ya burge duniya a gyaran shi ne aikin hannun masu sana'a na ƙasar: masu jera ƙananan tayil na gargajiya, da masu sassaƙar itace, da masu zanen farar ƙasa a bango. Baƙo na biyan kuɗi mai yawa ne domin ya kwana a Maroko, ba a kwaikwayon Faransa ba.

Abin da zai ba mai karatu haushi shi ne, fatar da Turai ta daɗe tana kira fatar Maroko, kaso mai yawa nata fatar jar akuyar Sakkwato ce da fatake ke ƙetara hamada da ita. Ashe muna da abin da za mu ƙawata masaukinmu da shi tun kafin a haifi kakannin masu sayar mana da kujerun roba. Muna da majema da dukawa, da masaƙa da marina, da masu sassaƙar ƙwarya da masu saƙar tabarma da faifai, da magina da suka iya daurin guga da zanen bango.

7.0 Ina Inuwar Ta Faɗa?

Daga Tambuwal zuwa Sakkwato tafiyar kusan kilomita 100 ce, Kebbe kuma ta fi haka. In da karin maganar nan gaskiya ce a zahirinta, mu ne na nesa, mu ya kamata mu sha inuwar. Amma manomin Kuchi ko na Dogon Daji da aka gina otal da rabonsa na dukiyar jiha, mai yiwuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taka ƙofar wurin ba. Ba ina cewa a ba shi ɗaki kyauta ba ne. Ina cewa ne akwai hanyoyin da inuwar za ta iske shi, kuma da su ya kamata a auna kowane gyara da za a yi nan gaba, ko gwamnati ce ke riƙe da wurin ko ɗan kasuwa.

Na farko, a rubuta a cikin yarjejeniyar duk wanda zai gudanar da otal ɗin cewa wani kaso na ciniki na asusun yaɓe ne, ba mai taɓa shi, kuma a riƙa bayyana lissafin ga Majalisar Dokokin Jiha kowace shekara. Na biyu, hukumomin gwamnati su biya kuɗin masauki kamar kowa. Na uku, a ba masu sana'o'inmu wani rabo na aikin ƙawata ɗakuna, a kuma sayi shinkafa da albasa da nama da kifi daga manoma da makiyaya da masuntan jihar. Na huɗu, a horar da 'ya'yanmu gyaran wuta da famfo da na'urori kafin a sayo na'urar, ba bayan ta mutu ba. Na biyar, a keɓe zaure guda domin tarihin 15 ga Maris 1903, da Hausa da ajami da Turanci, a buɗe shi ga 'yan makaranta. A adana hotuna da zanen ginin na asali da rajistar manyan baƙi a ma'ajiyar tarihi, domin otal ɗin kansa ya soma zama tarihi. Na shida, a dasa giginya a harabar, ko da waɗanda suka dasa ba za su ga girmanta ba.

Mu mutanen kudancin jihar ba mu da bakin cewa wannan magana ta 'yan birni ce. Ɗan wannan yanki, Aminu Waziri Tambuwal, ya wakilci Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya kuma riƙe jihar daga 2015 zuwa 2023. Wanda ake damawa da shi a mulki, da shi ake tambaya a kan dukiyar jama'a.

8.0 Kammalawa

A wannan sharhi na yi ƙoƙarin nuna cewa Otal ɗin Giginya ya fito ne daga zamanin da gwamnatocin Arewa suka gina manyan masaukai da kyakkyawar niyya, amma ba tare da tanadin da fatoma da mai soron ƙasa suka sani ba. Wasu daga cikin takwarorinsa sun zama kango, wasu sun zama fili. Shi yana da abin da su ba su da shi, wato suna mai tarihi, kuma sunan ne ya kamata ya zama ma'aunin gyaransa.

Ina roƙon 'yan'uwana malamai, idan kun kai yara birni, kada ku tsaya ga nuna musu tsawon bene. Ku faɗa musu wanda ya biya kuɗin ginin, ku faɗa musu waɗanda suka faɗi a Giginya. Dattawa kuma, idan kun ji an ce za a kashe kuɗi a gyara wani ginin gwamnati, ku tambayi abin da kuke tambayar 'ya'yanku kowace bazara: wa zai hau soron baɗi? Yarinyar nan da ta yi mini tambaya a mota yanzu ta girma, tana koyarwa a wata makarantar ƙauye. Burina shi ne ranar da ita ma za ta ce wa ɗalibanta gidan nan naku ne, kada su yi mata dariya.